Kiɗan Da Baba Ya Binne Da Wa'azi

Ba zan taɓa mantawa da ranar liyafar auren Nasiru ba, kuma ko na so in manta, 'yan tashar Rano sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba. Har gobe in na je shiga motar Kibiya, kafin in sa ƙafa sai wani ɗan kamasho ya ɗaga murya ya ce, "Malam, a tura?" Sauran su amsa baki ɗaya, "A tura!" Ni kuma in yi kamar ba da ni ake ba, in wuce kujerar can baya in zauna ina cin magani.

Bari in fara da faɗin cutata, don kada a ce na ɓoye. Ni mutum ne mai son kiɗan farkon waƙa. Ba waƙar ba fa, wannan kiɗan da ake share fage da shi kafin mawaƙi ya buɗe baki. A wurina nan waƙa take. Da zarar murya ta shigo an gama, abin da ya rage surutu ne. Tsofaffin waƙoƙin Indiya masu farawa da sarewa ita kaɗai, na Sudan da gogunansu ke tashi gaba ɗaya, da namu na 'yan jita na zamanin kaset, duk na haddace farkonsu, amma ka tambaye ni me aka ce a cikinsu sai in tsaya ina susar ƙeya. Wayata cike take da guntayen kiɗa, babu waƙa ɗaya cikakkiya. A makarantar da nake koyarwa a Kibiya malamai sun hana ni taɓa lasifikar ofis, wai ina sa musu hawan jini. Wani direba ma ya taɓa taka burki a wajen Fassi, ya juyo ya ce in na ƙara cewa "maido da ita farko" zan sauka in ƙarasa a ƙafa. (Na yi shiru ne don akwai rana, amma har yau ina ganin ni ke da gaskiya.)

To duk cikin waɗannan kaɗe-kaɗe akwai uba, kuma a gidanmu na same shi.

Mahaifina, Malam Iliya, hatsi yake sayarwa a kasuwar Kibiya, kuma mabuɗin masallacin unguwarmu a aljihunsa yake kwana. Mutum ne mai kamun kai, ba ka jin dariyarsa daga zaure. Ni ne ɗansa na fari, saboda haka tunda aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba. "Kai wannan" shi ne sunana a bakinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ina yaro na tono wani kaset a akwatinsa, cikin tarin kasa-kasan wa'azi. Ina sawa sai na ji abin da ya lalata ni har yau. Jita ce take farawa ita kaɗai, a hankali, taku ɗai-ɗai. Sai kalangu ya amsa mata. Sai ganga ta yunƙura kamar za ta tashi, ta fasa, ta sake yunƙurawa, ta fasa. Sai ƙaho ya yi busa biyu, faam, faam. Daga nan komai ya ɗauka gaba ɗaya, tsigar jikinka ta tashi. Ni dai abin da nake gani a raina shi ne wani babban mutum yana tahowa cikin ƙasaita, ana buɗe masa hanya. Kuma daidai inda mawaƙi zai ja numfashi ya fara, sai ka ji "ƙas", muryar wani malami ta faɗo daga tsakiyar magana: "...jama'a, cin naman mutum ba sai da wuƙa ba, harshe ma ya isa." Wa'azin gulma ne aka ɗora a kan waƙar, har ƙarshen kaset.

Na tambayi Baba wace waƙa ce ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Amsarsa ba ta canzawa: "Kai wannan, ka yi la'asar?" Ko da hantsi ne. Da na girma na riƙa rera wa tsofaffi kiɗan da baki, ko wani zai gane. Wani dattijo mai sayar da igiya a kasuwa ya yi dariya har ya ƙware, da ya farfaɗo ya goge hawaye ya ce, "Yaro, je ka tambayi babanka." Wani kuma ya waiga hagu da dama ya ce shi bai ji komai ba. Duk wanda yake da hankali zai gane akwai lauje cikin naɗi. Ni kuwa sai na ce a raina, "Allah sarki, tsufa ya sa sun manta."

Yanzu sai maganar da ta fi muhimmanci. Nasiru abokina ne tun sakandare, kuma ƙanwarsa Bilkisu nake nema. Mahaifinsu, Alhaji Ɗan'azumi, shi ne uban direbobi a tashar Rano. Motocinsa ba sa ƙirguwa a hanyar Kano, kuma in ya shigo tasha hatta mai rake sai ya gyara tsayuwa. Ba ya yawan magana, kallo ɗaya yake yi maka ka tuna laifin da ka yi bara. Na san shi da Baba sun yi harkar mota tare a ƙuruciya, amma ba wanda yake son zancen a cikinsu, ni ma ban matsa ba. Da aka kai masa maganata, abin da ya ce kawai shi ne, "A bari a gama hidimar Nasiru, sannan zan ba shi amsa." Ga kuma wani ɗan kasuwa daga Kano da ya fara sintiri a layin su Bilkisu da mota mai sanyi, ni kuwa babur ɗina sai an karkata shi yake tashi. Saboda haka bikin nan a wurina jarrabawa ce. Na kwashi kujeru, na kafa rumfa, na raba katin gayyata har Zinyau, kuma da Nasiru ya ce ni zan riƙe makirufo a liyafar maza bayan ɗaurin aure, sai na ce to, ga ranar da Alhaji zai san ya yi dacen suruki.

Ana saura 'yan kwanaki biki na shiga kasuwar Rano wurin Sabi'u mai tura waƙa a waya. Yana ta lalube a kwamfutarsa cikin wasu tsofaffin waƙoƙi da aka kwaso masa daga kaset, babu suna babu komai, yana buɗe wannan yana rufewa. Kawai sai na ji jitar nan. Taku ɗai-ɗai. Wallahi sai da na kusa ture masa tebur.

"Tsaya! Sabi'u, don girman Allah tsaya!"

Na runtse ido na sha kiɗana, kalangu, ganga, faam faam, har inda na saba jin "ƙas". Ina jin mawaƙi ya ja numfashi na kai hannu na danne.

Sabi'u ya ce, "Malam, ai yanzu za ta fara."

Na ce, "Yanzu ta ƙare. Tura min."

Ya tura min ita gaba ɗayanta. Na so ya yanke min farkon kawai yadda ya saba, sai aka ɗauke wuta, batirin kwamfutar kuma dama suna ne. Ya ce in dawo gobe. Ban koma ba, hidima ta sha kaina. Kuma kada ku tambaye ni me ya hana ni sauraron sauran a gida. Shekara da shekaru ina kiwon kiɗan nan a zuciyata, ba zan bari muryar wani ƙato ta zo ta ɓata min shi ba. Wannan ita ce hujjata a lokacin, kuma a lokacin ta yi min kama da hikima.

Da na je zance da yamma na kunna wa Bilkisu farkon. Na ce da wannan zan shigo da Alhaji filin liyafa. Ta ɗan karkata kai tana saurare, ta ce, "Kamar na taɓa jin Inna tana rera wannan in sun yi faɗa da Abba, sai shi kuma ya..."

Na ce, "Kin gani ko! Waƙar ƙuruciyarsu ce. Wallahi sai ya yi ƙwalla."

"A'a, tsaya mana, abin da nake cewa..."

"Bilkisu, ki bar min wannan. Fannina ne."

Ta dube ni ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Na ce amin da ƙarfi.

Ranar Asabar aka ɗaura aure da hantsi, bayan azahar aka taru a filin ƙofar gidan Alhaji. Rumfuna sun cika maƙil. Rumfar gaba ta dattawa ce, yawancinsu tsofaffin direbobi da suka daɗe da ajiye sitiyari, ga 'yan kasuwa, ga malamai, ga Baba a jere na farko cikin farar rigarsa ta Juma'a da carbi a hannu. Mata suna leƙe ta saman katanga. Ɗan kasuwar Kano ma ya zo, yana ta kaɗa mabuɗin mota a yatsa kamar wani ya tambaye shi.

Na ja Garba mai sauti gefe, na tura masa waƙar, na yi masa huɗuba. Na ce, "Garba, ka san dattawa, da sun ji kiɗa sai wani ya taso ya ce a kashe. Ko wa ya zo, kada ka saurare shi, ni kaɗai za ka kalla. In na ɗaga hannu sama, ka ƙara murya. In na sauke shi ƙasa, ka yanke. Ka gane?" Ya ce ya gane. Kuma don Allah ya gane ɗin, wannan shi ne abin haushin. A duk faɗin ƙasar Rano ban taɓa ganin mai sautin da ya bi umarni ba sai ranar.

Aka ce ga Alhaji nan fitowa. Na gyara hula, na buga makirufo da yatsa, na ce, "Jama'a, a miƙe tsaye! Ga uban ango, ga uban tasha, ga wanda hanyar Kano ta san takunsa!" Na yi wa Garba alama.

Jita ta fara.

Abin da na gani ya fi abin da na yi fata. Rumfar dattawa ta yi tsit, sannan kawuna suka fara juyawa, wannan ya kalli wancan. Wani tsoho ya dafe baki da hula. Wani ya sunkuyar da kai kafaɗunsa suna rawa. Na ce a raina, "Kuka yake, Allah sarki." Alhaji ya fito daga zaure cikin babbar riga ruwan ƙasa, ya yi taku uku ko huɗu, kalangu ya amsa, sai ya tsaya cak kamar an dasa shi.

Ni kuma, ni da bakina, na ce a makirufo, "Allahu akbar! Jama'a ku duba, Alhaji ya tuna ƙuruciya!"

Aka yi wata irin dariya a rumfar gaba, irin wadda aka daɗe ana dannewa. Na ɗauka ta jin daɗi ce. Sai na hango Baba ya miƙe tsaye yana wuwwurga hannuwa biyu, carbi yana lilo. Baba! Mutumin da ko a sallar idi ba ya ɗaga hannu ya wuce kunne! Na ji wani daɗi ya ratsa ni, na ce, "Har Malam Iliya ya taso! Yau ake yin ta!" Baba ya nufi wurin Garba da sauri yana nuna masa na'ura, Garba ya kawar da kai ya zuba min ido, kamar yadda na koya masa.

Ganga ta yunƙura ta fasa, ta yunƙura ta fasa. Ƙaho ya yi faam, faam. A nan ya kamata in sauke hannu. Amma na riga na runtse ido, kaina ya yi girma, ina hango Bilkisu da lalle. Kuma kunnena ya saba, jira nake in ji "ƙas" malam ya shigo da wa'azinsa.

Malam bai shigo ba. Wata murya ce ta shigo, garau, mai zaƙi, irin ta mutumin da aka ɓata wa rai kuma ya samu makirufo:

"Ɗan'azumi mai akwala,
Mota taka, ƙafa tamu!"

'Yan amshi suka ce, "A tura! A tura!"

Na buɗe ido. Na ce a raina ai Ɗan'azumi da yawa a duniya, duk wanda aka haifa da azumi ne. Mawaƙin kamar ya ji ni:

"Ɗan'azumi na tashar Rano nake nufi,
Mun biya kuɗin zama, mun samu aikin ƙarfi,
Daga Rano har Kano ba wanda ya ga kujera!"

"A tura! A tura!"

Wannan karon ba 'yan amshin kaset kaɗai suka amsa ba. Rabin rumfar dattawa ce. Mutanen da jikokinsu suka yi aure, masu furfura har a gira, suka saki sanduna suna tafi. Wani tsoho da aka ce abokin wasan Alhaji ne ya fito fili ya duƙa, ya miƙa hannuwa gaba yana tura iska, yana nishi. Mata a kan katanga suka rangaɗa guɗa. A lokacin ne kaina ya waye. Gangar nan da take yunƙurawa tana fasawa, wadda na yi shekaru ina kira ƙasaita, inji ne ya ƙi tashi. Faam faam ɗin nan kuwa hon ne.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na ɗora hannuwa biyu a ka ba.

Garba ya ga hannu a sama. Ba ɗaya ba ma, biyu. Ya murɗa abin nan har ƙarshe.

Na tabbata har bakin kasuwa an ji baiti na gaba:

"Ga Iliya karen mota,
Dutse a hannu yana gudu,
In ta tsaya ya sa waiji,
In ta tashi a bar shi baya!"

A nan ne mahaifina, wanda bai taɓa furta sunana ba tunda aka yanka min rago, ya kira shi. Cikakke, har da na kakana, da muryar da ban san yana da ita ba. Na daɗe ina son in ji yadda sunana zai fito a bakin Baba. Ban so ya zama a haka ba.

Na sauke hannu, na sake saukewa, na durƙusa har ƙasa ina dukan turɓaya, amma jama'a sun riga sun cika fili sun tare tsakanina da Garba. Na yi ihu a makirufo, "Garba kashe! Na shiga uku!" Hakan ma ya fita ta lasifika, aka ƙara fashewa. Ango ne da kansa, Nasiru, ya tattare babbar riga ya zaga baya a guje ya kashe janareta.

Wurin ya yi shiru, sai yaran unguwa a bayan rumfa da ba su san an daina ba: "A tura! A tura!"

Sai a lokacin Alhaji ya motsa. Ya ƙarasa takunsa, ya zauna a kujerarsa, ya gyara riga, ya dube ni kallo ɗaya. Sannan ya ce da na kusa da shi, "A kawo abinci." Ɗan kasuwar Kano ya zo wucewa ta gabana ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari." Da ba don ina cikin taro ba, da mabuɗin nan ya kwana a kwata.

A gida Baba ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Da ya huce ya kira ni zaure ya ba ni labarin. Suna samari Alhaji yana jan wata tsohuwar mota, shi kuma yana yi masa karen mota. Wata rana suka ɗauki wani mawaƙi da yaransa za su wasa Kano. Motar ta mutu a hanya, ta tashi, ta mutu, mawaƙin da makaɗansa suka wuni suna turi da ganguna a kafaɗa, suka isa an watse. Bai yi faɗa ba, bai nemi kuɗinsa ba, ya tafi ya yi waƙa. Baba ya ce sun yi shekaru ba su da sakat, ko majalisa suka wuce sai an yi musu faam faam. Da Alhaji ya yi arziki ya bi kasuwanni yana saye kaset ɗin yana ƙonawa, har magana ta kwanta, mawaƙin ya rasu, masu tunawa suka tsufa.

Na ce, "To Baba, da ka gaya min mana! Shekara nawa ina tambayarka!"

Ya ce, "Kai wannan," (mun koma gidan jiya) "wane uba ne zai zaunar da ɗansa ya ce zo ka ji zambon da aka yi min?"

"To da ka tashi gogewa me ya sa ba ka goge duka ba? Me ya sa ka bar farkon?"

Ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, ƙasa-ƙasa, "Ai kiɗan ba shi da laifi. Ka ji yadda jitar nan take shigowa kuwa?"

Ashe gado na yi. Gari guda ya san abu, tsofaffi sun sani, Innar su Bilkisu ta sani, mai igiya ya sani, aka zuba min ido ina yawo ina rera wa mutane tonon asirin ubana da baki, ba wanda ya ce min kanzil. Kuma a ƙarshe ni ne mara hankali.

Na sa Nasiru ya yi min iso na je ba Alhaji haƙuri. Na same shi a zaure a kan darduma, ƙaramar rediyo a gefensa. Na tsuguna tun daga bakin ƙofa, na zube duk kalmomin da na kwana ina shiryawa. Ya bar ni na gama tas, sannan ya ce, "An ce kai malamin makaranta ne."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"An kuma ce farkon abu kawai kake so."

Na sunkuyar da kai.

Ya gyara zama ya ce, "To, na yi alkawarin amsa bayan biki, kuma ba na saɓa alkawari. Game da maganar Bilkisu, na yi tunani, na yi shawara da 'yan'uwana, abin da na yanke shi ne..."

Sai ya miƙa hannu ya kunna rediyo. Wa'azi ake yi.

Na jira. Na ƙara jira. Na gyara tsuguno. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ji ƙarshen ba."

Ya ce, "Ka gaida Iliya."

Jama'a, aka yi shuka ina jiran ƙarshen maganar nan. Aka yi noman farko, aka yi maimai, gero ya yi kai. Duk Juma'a sai na hau babur daga Kibiya na je gaida Alhaji, ya amsa da fara'a, ya tambayi makaranta, ya tambayi damina, ya kunna rediyo. Na rame. Na daina jin daɗin kowane irin kiɗa. Bilkisu kuwa da na kai mata kuka cewa ta yi, "Ai na fara gaya maka." Na ce, "To ƙarasa yanzu, don Allah, in ya ji Inna tana rerawa sai ya yi me?" Ta ce, "Fanninka ne." Motar mai sanyi kuma ba ta fasa zuwa layin ba, duk da Nasiru ya ce ruwa kawai ake ba shi.

Ranar da abin ya ƙare, da kaka ne, ranar kasuwa, tasha ta cika. Na sauko daga mota ke nan na hango Alhaji a cikin tasa motar, shi kaɗai, a tsakiyar tasha. Ya murɗa mabuɗi, inji ya yunƙura ya fasa. Ya sake, ya fasa. Wallahi tallahi sak gangar nan. Tasha ta yi tsit. Direbobi, 'yan kamasho, masu lodi, kowa ya san abin da ya kamata a yi, kuma ba wanda ya isa ya faɗi kalmar, balle ya taɓa motar. Wani ya shiga duba tayar da ba abin da ya same ta. Wani ya tsiri ɗaura igiyar takalmi, alhali silifa ne a ƙafarsa.

Na duba, na ce ni dai ba abin da ya rage min na mutunci a garin nan. Na cire hula na cusa a aljihu, na naɗe hannun riga, na dafa bayan motar na sa ƙarfi. Ni kaɗai, da takalmin zuwa aji, a gaban duniya. Ta motsa, ta gangara, ta yi tari, ta ɗauka.

Alhaji ya taka burki kaɗan ya leƙo ta taga. Ina haki na ƙarasa.

Ya ce, "Ɗan Iliya."

"Ranka ya daɗe."

"...a turo."

Ya ba ta wuta ya bar ni a tsaye cikin hayaƙi. Sai da ya fice daga tasha na gane magabata yake nufi. Ban gama ganewa ba tasha ta ɗauka gaba ɗaya, da tafi da dukan bodin mota, kuma daga ranar sunan ya tashi daga kan Alhaji ya dawo kaina. (Nasiru ya rantse min daga baya cewa batirin motar nan sabo ne dal, kuma ba ta taɓa ƙin tashi ba, kafin ranar ko bayanta. Ban bincika ba. Akwai abin da in ka tono shi kai za ka sha kunya, na koyi wannan.)

Yanzu Bilkisu tana ɗakina, kuma in na katse ta tana magana ba ta faɗa, faam faam kawai take yi da baki, sai in nemi wuri in zauna. Waƙa kuwa ko ta tallan maganin basir ce sai na ji ƙarshenta kafin in ce ta yi daɗi. In ka ga dattijo ya binne abu da wa'azi, ka bar shi a binne, in kuma ka ga ubanka yana daga hannu a taro, kada ka ce rawa yake.

Amma tsakanina da ku, jitar nan fa tana shigowa da kyau.